Babin da Aka Ajiye wa Baba Evelio

Villa Clara, Kuba
Lahadi da yamma

Zuwa ga ƙanwata Migdalia,

Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarki, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Heriberto da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a can Tenerife, ya raba ki da ciwon bayan nan, ya sa albarka a abin da kuke nema. Mu nan lafiya lau, gwargwadon yadda ake samun lafiya a garin nan. Maigidana Wilfredo yana nan yadda kika bar shi, sai dai tumbi ya ƙaru, gashi ya ragu. Goggo Caridad ta sami sauƙin ƙafa, har ta koma zuwa coci da kanta, kuma ta ce in gaya miki ba ta fasa kunna miki kyandir ba. Maganin hawan jinin da kika aiko ya iso, mun gode, Allah ya saka da alheri.

Na san kin saba in cika miki takarda da wa ya haihu, wa ya yi aure, wa ya tattara ya bar ƙasar. Yau babu wannan. Raina a ɓace yake tun ranar Talata, kuma duk garin nan ban ga wanda zan buɗe wa cikina ba sai ke da kike nesa. Maganar kujerata ce ta karatu, wadda aka ce zauren masana'antar tabarmu zai ɗaga hannu a kanta, ko in zauna ko in sauka. Kada ki tsallaka ƙasan takarda ki nemi yadda aka ƙare. Ki bi ni daga farko, don faɗin ƙarshen labari kafin lokacinsa shi ne ya jefa ni cikin wannan hali.

Ke da kika yi shekaru kina naɗa taba a layin kusa da taga, ba sai na gaya miki mece ce kujerar nan ba. Ba manaja ke ba da ita ba. Masu naɗi ne ke zaɓen wanda zai hau dandamali ya yi musu karatu suna aiki, jarida da safe, littafin labari bayan abincin rana, kuma su ne ke sauke shi. In sun ji daɗi su buga wuƙaƙensu a kan katakon aiki har ginin ya ɗauka, in ba su ji ba su bar ka da shiru. Tun kina nan nake kan kujerar nan, na tsufa a kanta, har ta lotsa daidai jikina. Kin kuma san ɗabi'ata, wadda kike yi mini tsiya a kanta: ba na leƙa shafin da ban karanta wa zauren ba. Abin da zai ba su mamaki ina so ya ba ni mamaki tare da su, don muryar da ta riga ta san abin da ke gaba ƙarya take yi, kuma masu naɗi suna ji.

Tun farkon damina muke kan wani littafi mai kauri da zauren ya zaɓa, labarin wani mai gonar rake da aka tsinci gawarsa a bakin kogi, ba a san wanda ya kashe shi ba. Kin tuna Baba Evelio, tsohon nan na layin gaba da ya koya miki yankan ganyen da ake rufe naɗin taba da shi, wanda in ya kama gardama sai dai ki gaji ki bar masa? To shi ya ɗauki maganar nan kamar mamacin ɗan'uwansa ne. Kowa ya tsaya a kan matar ce ta yi, ko mai kula da gonar, shi kaɗai ya kafe wai likitan garin ne. Sai su yi masa ca, wai tsufa ya fara taɓa masa kai, wai ina ruwan likita, wanda da ƙyar ake jin sunansa a labarin. Shi kuwa ya ce su ci gaba da haushi, ranar da aka kai ƙarshe zai miƙe tsaye ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba zai ce uffan ba, kallon ya ishe su. Saura babi ɗaya ke nan ya yanke jiki ya faɗi a kan teburinsa. Aka kwashe shi zuwa asibiti a Santa Clara, daga baya aka maido shi gida yana jinya. Washegarin faɗuwarsa zauren ya ɗaga hannu, babu wanda ya ƙi, cewa babin ƙarshe na Baba Evelio ne, ba za a taɓa shi ba sai ya dawo. Na sa busasshen ganyen taba a wurin na rufe littafin. Tun daga nan nake cika musu lokaci da gajerun labarai da yadda ake dafa wannan da wancan, su kuma in an tashi aiki su biya ta gidansa su tsokane shi, wai ya tashi ya daina lalaci, ya riƙe gari guda da kwanciyarsa.

Ranar Talata, bayan na gama karatun rana har na kashe lasifika, sai ga manajanmu Arsenio ya shigo da waɗansu baƙi Turawa masu sayen taba, yana ta washe baki kamar ba shi ne ke shan toka da safe ba. Ya hau dandamali ya raɗa mini wai in karanta wani abu yanzu yanzu, abin da zai sa a buga wuƙaƙe, don baƙin sun ji labarin al'adar suna so su gani da idonsu. Na ce masa lokacin karatu ya wuce, kuma jaridar yau na gama ta. Ya ce wai wa zai buga wuƙa don an ba shi labarin girbin dankali, in ɗauko wancan mai kaurin. Na ce masa an ajiye shi. Ya ce wai shafi ɗaya dai, Eneida, shafi ɗaya ba zai kashe kowa ba, kada in kunyata shi a gaban mutane. Migdalia, da na buɗe ko'ina a baya da an wuce wurin. Amma littafin da kansa ya buɗe inda ganyen yake, idona ya faɗa kan layin farko, na ga maganar ruwan sama ce da laka a hanya. Na ce a raina marubuta ba sa sakin sirri sai can ƙarshe, bari in ba su ruwan saman nan in rufe. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma makonnin nan littafin yana ƙaiƙayina. Na fara, muryata ta kama hanya, in kuwa ta kama ba na ganin kowa a gabana. Ashe mugun marubucin bai jira ƙarshe ba. Ban ko juya shafi ba, matar mamacin ta buɗe ƙofa ta kira sunan wanda ya kashe mijinta, ni kuma na kira shi da ƙarfi ta lasifika kafin kaina ya gane abin da bakina ya faɗa. Likitan ne.

Na taɓa jin shiru a zauren nan, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Suka riƙa ajiye wuƙaƙe a kwance a kan katako, a hankali, layi bayan layi. Baƙin da ba su san dawan garin ba suka hau tafi. Arsenio ya ga babu mai bugawa, sai ya fizgi wuƙar wata yarinya ya hau dukan teburinta shi kaɗai, mutumin da bai taɓa naɗa ko guda ba a rayuwarsa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yudith, 'yar Baba Evelio, ta jira har baƙin suka fita, sannan ta miƙe ta wanke ni tas a gaban kowa. Wai ashe mai karatun zaure ta koma 'yar rawar manaja, a kaɗa mata ta taka. Wai babanta yana kwance kullum sai ya tambaya ko an taɓa masa babinsa, ita kuma ta rantse masa cewa Eneida ba za ta yi haka ba. Wai abin da aka hana tsoho mara lafiya an miƙa wa waɗanda ko yarenmu ba sa ji. Babu ƙarya a cikin abin da ta faɗa. Kafin a tashi aiki wakilan zauren suka ce ranar Juma'a za a ɗaga hannu a kaina. Arsenio kuwa ya shige ofishinsa ya ja ƙofa, har yau bai ce mini ko sannu ba.

Ban hau keken doki ba, na tako a ƙasa har gida, don kada in zauna gwiwa da gwiwa da wani daga zauren. Kin san yadda nake wanke ranar da ta ɓaci, tun muna 'yan mata ban sauya ba. Na shiga bayan gida na kwarara wa kaina bokitin ruwan sanyi tun daga tsakar ka, na goge warin taba daga wuyana da hannuwana, na sa tsohuwar rigar nan mai furanni da kika bar mini. An ɗauke wuta kamar kullum, na hura gawayi na ɗora gahawa, na yi ta baƙa ƙirin, na zuba sukari fiye da yadda likita ya yarda. Na jawo kujera mai lilo zuwa baranda na ajiye ƙananan kofuna biyu, don shekara da shekaru aminiyata Xiomara in ta tashi daga zauren nan take biyowa, mu zauna mu zagi duk wanda ya ɓata mana rai har mu huce. Na yi ta lilo ina kallon kwanar titi. Gahawarta ta huce a kofi, ƙudaje suka same ta. Ta wuce ta ɗaya gefen titin da jakarta a hammata, kanta a sunkuye, kamar tana neman allurar da ta yar. Matar da na riƙe wa ɗa a coci ranar baftisma, Migdalia.

Wilfredo ya dawo ya tarar da ni a haka, ya ji labari, ya yi iya ƙoƙarinsa, wanda kin san ba shi da yawa. Wai haba mata, littafi ne fa, takarda ce da tawada, wa ya mutu? Ya soya mini ayaba, ya ɗumama shinkafa da baƙin wake, ya zauna yana kallona ina juya cokali. Can sai ya matso ya tambaye ni a hankali, wai to tsakani da Allah wa ya kashe mutumin? Saura kaɗan in kifa masa kwanon a ka. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya ja ni zuwa teburin wasan domino na bakin kwana, wai in buga hannu biyu in manta. Ashe labari ya riga ni zuwa. Ina zama Chucho mai gyaran keke ya rungume 'ya'yan dominonsa a ƙirji, wai kowa ya ɓoye nasa, ga gidan rediyo ta iso, yanzu duk unguwa za ta ji abin da ke hannunka. Aka kwashe da dariya, har da mijina. Da wata rana ce da na rama har sai ya nemi hanyar gidansu, amma ba ran nan ba. Na tura 'ya'yan na tashi. Wanka bai yi ba, gahawa ba ta yi ba, domino ya ƙara dagula abin, sai na gane babu inda zan sami sauƙi in ban je na ga tsohon ba. Na ɗauki littafin na nufi gidansa tun rana ba ta faɗi ba.

Na same shi shi kaɗai a kujera bakin taga, an lulluɓe masa cinya da zane, Yudith ta tafi neman magani. Ya rame, Migdalia, wuyansa duk jijiya. Ban gama gaisuwa ba ya ce in adana numfashina, mai keken doki ya riga ya tsaya a tagar nan ya yi masa albishir, wai Baba ashe kai ne da gaskiya. Ya ce wata da watanni yana tanadin kallon da zai yi wa zauren nan, ga shi ya ƙare a kan mai keken doki da dokinsa. Na ba shi haƙuri, na ce na zo in karanta masa babin daga farko har ƙarshe, shi kaɗai. Ya ce in rufe, me zai yi da tuwon da wani ya riga ya tauna. Na zauna ina hawaye kamar yarinya, shi kuma yana kallon titi.

Da ya gaji da kukana sai ya ce in matso. Ya yaye zanen ya nuna mini hannunsa na dama, ya ce in sa masa yatsana a tafi. Na sa. Ya ce to ga shi yana matsewa da iya ƙarfinsa. Ban ji komai ba, yatsun ko motsi ba su yi ba. Ya ce kullum da safe in Yudith ta fita yakan ɗauko ganye ya gwada, ganyen ya zame ya faɗi ƙasa, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana naɗi ba ya bukatar likita ya gaya masa hannu ya tafi. Wai shi da zauren nan sai dai a labari, ya daɗe da sani. Yudith ce ba ta sani ba, tana nan tana murza masa hannu da mai tana cewa saura kaɗan. Na ce to Baba, me ya sa ka bari muke ta jira? Ya ce wai ke da karatunki ba ki da wayo. Muddin babin nan yana rufe, kullum da yamma sai wani ya tsaya a tagar nan ya zage shi ya ce ya tashi, ana jiransa. Yanzu da aka buɗe, wa ke jiran wa? Za su zo mako ɗaya don tausayi, su zo na biyu don kunya, daga nan sai ranar jana'iza. Sannan ya mayar da zanen ya ce maganar hannun nan ta tsaya tsakaninmu, in na gaya wa 'yarsa ko wani a zauren bai yafe mini ba.

Kin ga inda aka ajiye ni. Laraba da Alhamis na hau na karanta jarida, babu wanda ya ɗaga kai. Ina karatu ina lissafi a zuci: in na ce musu tsohon ba zai dawo ba, ko shekara muka yi muna jira, da yawa za su sassauta, su ce to dama babin sai an karanta shi wata rana. Magana ɗaya ce, kuma gaskiya ce. Ran Juma'a kafin a ɗaga hannu aka ba ni dama in kare kaina. Na miƙe, na ga Yudith a layin gaba kusa da teburin babanta, wanda kullum sai ta goge shi ta gyara masa wuƙarsa. Saura ƙiris in faɗi maganar hannun. Na ce musu na yi kuskure, ba ni da wata hujja, na zauna.

Sun sauke ni, Migdalia. Ba da ɗan rinjaye ba, hannuwa suka tashi ko'ina. Na ce ba zan duba layin Xiomara ba, amma na duba. Nata bai yi sama sosai ba, ta tsayar da shi daidai kunne kamar mai gyara ɗankunne, amma an ƙirga shi. Daga gobe Litinin zan koma ɗakin baya wurin zare jijiyar ganye, inda na fara tun ina budurwa, kuma daga can ana jin lasifika sarai. Dagoberto na ɗakin zuba taba a kwali suka ɗora kafin a yi zaɓe, mutumin da ke karanta labarin mutuwa da labarin ƙwallo da murya ɗaya. Kada ki rubuto ki ce in yi haƙuri, kowa ya faɗa mini, har ya fara yi mini ɗaci a kunne. Na yi laifi, na sani. Amma wanda ya tura ni yana nan a ofishinsa da fankarsa, ni ce na tattara tabarauna da kofina a jaka na sauko a gaban mutanen da na yi wa karatu ranar aurensu da ranar makokinsu. Abin yana ci na, kuma ban san ranar da zai daina ba.

Tsohon bai yi ƙarya ba, sai dai ko makon tausayin da ya faɗa ba su cika ba. Jiya Asabar na wuce ta titinsu da yamma, lokacin da a da ba ka samun wurin tsayawa a bakin tagar, na tarar babu kowa sai kare. Na koma gida na hau kan kujera na binciko saman kabad, na sauko da littafin da ya fi kowanne kauri a gidan nan, wanda ko ni ban taɓa buɗewa ba. Na kai masa na ce daga yau kullum in na tashi aiki nan zan biyo, babi ɗaya a rana, ba ƙari. Ya ce wai wa ya gaya mini yana son muryata, muryar da ta sayar da shi ga Turawa. Na buɗe na fara. Ban yi nisa ba ya katse ni, wai wannan ɗan kasuwar da ya shigo yanzu ɓarawo ne, in rubuta in ajiye. Na ce ban yarda ba. Ya ce to mu zuba mu gani. Ya auna kaurin littafin da ido, ya tambaye ni zai kai mu yaushe. Na ce in ba mu yi sauri ba, har baɗi. Ya ce to kada in yi sauri.

Maganar hannunsa ke kaɗai na gaya wa, don teku na tsakaninmu. Na san kuna waya da Xiomara, ki riƙe bakinki ko da ta yi miki kuka. Ki gaishe mini da Heriberto, ki ce ina yi masa fatan alheri a sabon wurin aikinsa. Ki sumbaci Dayana da ƙaramin Maikel, ki ce babbar innarsu tana kewarsu. Ki gaida surukarki Doña Pino da kyau. Wilfredo da Goggo Caridad suna gaishe ku, Baba Evelio ma ya ce in tambaye ki ko har yanzu kina yanka ganye a karkace. In kina da gaisuwa ga Xiomara, ki nemi wani ya kai mata, ni ba ta hanyata take bi ba yanzu.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Eneida